Motsa Jiki Cikin Ruwa Domin Jiyyar Ciwon Bayan Tsofaffi a Ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo



Maganar da za a yi a wannan zama ta shafi wata cuta wadda ba ta kisa, ba ta kuma yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, saboda haka ba kasafai ake jin an kafa mata kwamiti ba, amma da wuya a sami gidan da ba ta shiga ba a ƙasar Hausa. Cutar kuwa ita ce ciwon baya wanda ya daɗe a jikin dattijo ko dattijuwa. Za a dubi wata hanyar jiyya da likitocin zamani suke amfani da ita, watau motsa jiki cikin ruwa, sa'an nan a auna ta da halin da ake ciki a gabashin Jihar Sakkwato, ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, inda ruwa yake kwance a bayan gari, mai ciwon baya kuma yake kwance a ɗaka.

Gulabe biyu ne suke riƙe da wannan yanki. Gulbin Rima ya gangaro ta Goronyo da Wurno, gulbin Sakkwato kuma ya biyo ta Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, sa'an nan su biyun suka haɗu kusa da birnin Shehu. A Goronyo aka datse Rima da madatsar da aka gama ginawa a 1984, aka buɗe ta a 1992. Tsawonta kilomita 12 da rabi ne, tsayinta mita 21, an kuma gina ta domin ta riƙe ruwa fiye da lita biliyan 900. A Wurno akwai madatsar Lugu da gonakin ban ruwa, inda ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa. Wannan arziki ne babba, amma yana da nasa haraji, kuma baya ne yake biya. Manomin tudu yakan sami hutu da rani. Manomin fadama kuwa da ya ajiye fartanyar damina sai ya ɗauki ta lambu. Dashe a sunkuye, cirar ciyawa a sunkuye, yanka da lauje a sunkuye, bayan haka ga buhun da za a ɗora a kan jaki ko a mota. Mace ma ba ta tsira ba: daka da surfe, shara da gajeriyar tsintsiya, tulu a ka, goyo a baya. Wanda ya yi shekara 40 yana wannan, ranar da bayansa ya ƙi miƙewa ba za a ce an yi masa sammu ba.

Maganar magani ba baƙuwa ba ce a Wurno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da garin ribaɗinsa, ya kuma rasu a cikinsa a 1837, yana daga cikin malaman ƙasar nan da suka fi yin rubutu a kan ilmin likitanci. Ya yi talifi a kan ciwon basur, ya yi a kan ciwon ido, ya yi a kan amfanin filasko. Sa'ad da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, daga cikin abubuwan da Bello ya nema har da a aiko da likita daga Ingila ya zauna a ƙasarsa. Wanda ya kawo wa mutanen Wurno wata dabarar jiyya daga waje, in dai ta tabbata mai amfani ce, bai fita daga hanyar mai garin ba.

Sunan ciwon da mazauninsa

Kafin a shiga ruwa ya kamata a tsaya a kan kalmomi, domin a nan ne ma'aikacin asibiti da majiyyaci suke fara saɓawa. Bahaushe yana da baya, yana da gadon baya, yana da ƙugu da kwankwaso da tsatso. Dattijon da ya ce ƙugunsa ya riƙe, in aka ce ya nuna wurin, sau da yawa zai ɗora hannu a ƙasan gadon baya, daidai inda mazagin wando yake zama. Wani kuma kwankwaso zai ce, alhali zafin daga baya ya taso, ya bi ta ɗuwawu ya sauka cinya har dunduniya. Mai tambaya in bai ce a nuna masa da hannu ba, zai rubuta sunan wani wuri dabam a takarda.

Ƙashin baya ba sanda guda ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 aka jera, wasu daga cikin na ƙasa sun haɗe, a tsakanin sauran kuwa akwai wani faifan guringuntsi mai laushi wanda yake aikin gammo. Laka ta bi ta tsakiyarsu, jijiyoyi suna fita daga gare ta zuwa ƙafafu. Guda biyar da suke daidai ƙugu su ne suke ɗauke da nauyin rabin jiki na sama. A 1999 wasu masana a Jamus suka sa ma'auni a cikin faifan guringuntsin wani mutum mai lafiya, suka ga cewa in ya sunkuya ya ɗaga kaya mai kilo 20, matsin da yake kan faifan ya ninka na tsayuwa fiye da sau huɗu, in kuwa ya kwanta sai ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin biyar na tsayuwar. A jikin mutum guda aka yi awon, amma ya isa ya nuna abin da mai dashen shinkafa yake ɗora wa bayansa daga hantsi zuwa azahar.

Likitoci suna kiran ciwon baya daɗaɗɗe in ya wuce wata uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya, ana kuma tsammanin za su kai miliyan 843 a 2050, galibi saboda yawan jama'a da yawan tsofaffi. Babu wata cuta da ta kai shi hana mutane aiki a duniya. Abin mamaki shi ne, kimanin kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, ko an ɗauki hoto ba a iya nuna wuri guda a ce ga ɓarnar nan. Akwai tsofaffi da yawa waɗanda hoto yake nuna ƙashinsu ya zaizaye amma ba sa jin kome, akwai kuma masu kuka da dare waɗanda hotonsu lafiya lau. Wannan ya sa masana suka gane cewa daɗaɗɗen ciwon baya bai tsaya ga ƙashi kaɗai ba. Raunin tsoka yana ciki, sandarewar gaɓoɓi tana ciki, haka nan rashin barci, da damuwa, da tsoron motsi.

Abin da aka saba yi

Dattijon da baya ya kama a ƙauyen Rabah yana da hanyoyi sanannu. Wanzami zai yi masa ƙaho ko tsaga. A gida za a gasa masa wurin da tsumma da ruwan zafi, a shafa man shanu ko man zafi, jika ya hau ya tattaka. Mai magani da lasifika a kasuwa zai tabbatar masa basur ne, ko sanyi. Daga nan sai mai kemis ko ɗan tallan ƙwayoyi, wanda zai ƙulla masa huɗu ko biyar a leda da sunan maganin gajiya. Tausa da gashi suna kawo sauƙi na ɗan lokaci, ba kuma laifi ba ne. Ƙwayoyin ne abin tsoro. Irin su diclofenac da ibuprofen, in tsoho ya lazimce su wata da watanni, suna iya ƙwarzane masa tumbi har ya yi aman jini, su ɓata ƙoda, su ta da hawan jini. Tramadol kuwa kowa ya ga abin da ya yi wa samarin ƙasar nan, kuma jikin tsoho bai fi nasu ƙarfi ba.

Bayan duk wannan sai babban magani, watau kwanciya. 'Ya'ya masu tausayi sukan ce Baba ya huta, ya bar gona, ya bar kasuwa, har masallaci a ce ya yi salla a ɗaka. Niyyar kyakkyawa ce, sakamakon ne ba shi da kyau. Tun a 1986 wani bincike a Amurka ya nuna cewa masu ciwon baya da aka ce su kwanta kwana bakwai ba su fi waɗanda suka kwanta kwana biyu samun sauƙi ba, sai dai sun fi su asarar ranakun aiki. Tsokar da ba ta aiki ramewa take yi, ta tsoho kuma ta fi saurin ramewa. In ta rame sai baya ya rasa madogara, zafi ya ƙaru, mai shi ya ƙara jin tsoron motsi, ya ƙara kwanciya. Haka ake yi har mutumin da yake ruku'u da sujada bara ya koma salla a zaune bana, baɗi kuma sai an tashe shi. Hausawa sun riga sun faɗi maganin wannan da suka ce motsi ya fi laɓewa, ko da yake ba don ciwon baya suka faɗa ba.

A nan akwai wani abin lura game da harshe. Sashen asibiti da yake kula da irin waɗannan majiyyata, Hausawa sun sa masa suna sashen gashi, ma'aikacinsa kuma likitan gashin ƙashi. Sunan ya samo asali daga fitilar zafi da na'urorin da aka fara gani a wurin. Amma suna yana koyar da mai jinsa. Wanda aka ce ya je a gasa masa baya, ya tafi da niyyar ya kwanta a yi masa aiki, in aka ce ya tashi ya taka, ya ɗaga ƙafa, sai ya ga an cuce shi. Alhali kuwa ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2023 sun sa ilmantar da majiyyaci da motsa jiki bisa tsari a cikin abubuwan da ya kamata a yi, sun kuma hana a mai da ɗamarar ƙugu, da ja da na'ura, da jona wayar lantarki a fata, da ƙwayoyi dangin tramadol su zama jiyyar yau da kullum. Masana Hausa suna da aiki a nan, domin sashen yana bukatar sunan da zai nuna cewa majiyyaci ne zai yi aikin.

Abin da ruwa yake yi

Matsalar ita ce, faɗa wa mai ciwo ya motsa abu ne mai sauƙi, yin motsin ne wuya. Dattijon da taku goma suke sa shi gumi ba zai saurari lacca a kan amfanin tafiya ba. A nan ne ruwa yake shigowa.

Duk wanda ya taɓa jan guga ya san ba ya jin nauyinta sai ta rabu da ruwan rijiya. Masanin nan na Girka, Arkimidis, ya bayyana dalilin tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa: abin da aka tsoma a ruwa yana rage nauyi daidai da nauyin ruwan da ya ture. An auna wannan a jikin mutane. Wanda ya tsaya cikin ruwa iyakar ƙugu, ƙafafunsa suna ɗauke da kimanin rabin nauyinsa. In ruwan ya kai ƙirji, kimanin sulusi. In ya kai wuya, abin da ya rage bai wuce ushiri ba. Dattijo mai kilo 60 ke nan, in ruwa ya kai masa ƙirji, abin da yake takawa da shi bai fi kilo 20 ba. Ƙafar da ya kasa ɗagawa a tsakar gida sai ya ga ta ɗagu, bayan da ya ƙi juyawa sai ya juya.

Daɗin daɗawa, ruwa ya fi iska kauri kimanin sau 800, saboda haka kowane taku a cikinsa aiki ne ga tsoka, kuma aikin daidai ƙarfin mai yi. Wanda ya tura a hankali ruwa zai tare shi a hankali, wanda ya ƙara sauri ruwa zai ƙara tauri. Babu wani ƙarfe da zai suɓuce ya faɗo masa. In ya yi tangaɗi ma, ruwa yana ba shi lokacin da zai gyara tsayuwa, ba kamar daɓe ba, inda faɗuwa guda take karya ƙashin cinyar tsohuwa. Wannan ya fi kome muhimmanci ga wanda tsoro ya ɗaure. Ɗumi kuma yana sa tsoka ta saki. A asibitocin da suke da tafkin jiyya akan riƙe zafin ruwan tsakanin digiri 33 da 35, watau ƙasa kaɗan da zafin jiki. Ruwan Wikki na Yankari, wanda zafinsa yake tsaye a kan digiri 31, ya kusa kai wannan ba da taimakon kowa ba.

Ba a bukatar iya iyo. Abin da ake yi shi ne tafiya gaba, da tafiya da baya, da tafiya a kaikaice cikin ruwan da ya kai ƙirji. A riƙe ƙarfen gefe a jawo gwiwa zuwa ciki, a wurga ƙafa gaba da baya, a jingina da bango a danna ƙugu, a ɗan durƙusa a miƙe. Akwai kuma danna wani abu mai yawo a kan ruwa zuwa ƙasa da hannu biyu, wanda yake ƙarfafa tsokar ciki, ita ce kuwa ɗamarar da Allah ya yi wa baya. A Turai da roba ake yin wannan abu. A ƙasar Rima ba sai an yi odarsa ba, domin goran da masunta suke hawa su bi gulbi da shi, irin wanda ake gani a bikin Argungu, ƙaraminsa ya isa.

To, ina hujja? Binciken da aka fi ambata shi ne wanda aka yi a birnin Shanghai na ƙasar Sin, aka buga a 2022. An raba masu daɗaɗɗen ciwon baya 113 gida biyu. Kashi ɗaya suna motsa jiki cikin ruwa na awa guda, sau biyu a mako, har wata uku. Ɗaya kashin ana gasa su da fitila ana jona musu wayar lantarki. Masu shiga ruwa sun fi samun sauƙin zafi da iya ayyukan yau da kullum, kuma bambancin yana nan har bayan shekara guda. Sai dai mai hankali zai lura da abu biyu. Na farko, ba a ɗauki wanda ya wuce shekara 65 ba, matsakaicin shekarunsu ma 31 ne, watau sa'o'in ɗaliban da suke zauren nan ne, ba iyayensu ba. Na biyu, an gwada motsi ne da kwanciya a gaban na'ura. Inda aka gwada motsi cikin ruwa da motsi a tudu, galibi sakamakon ya yi kusa da juna. Ma'anar wannan ita ce ruwa ba shi da wani sirri na warkarwa. Motsin ne magani, ruwa kuwa shi ne yake ba wanda ya kasa motsi a tudu damar farawa. Bayan wata biyu ko uku, in tsoka ta dawo, sai a mai da dattijo ga tafiyar ƙasa. Wani bincike da aka yi a Ostireliya da mutum 701, aka buga a 2024, ya nuna cewa waɗanda aka tsara musu tafiya a kai a kai sun yi kwana 208 kafin ciwon ya dawo, sauran kuwa kwana 112.

Gulbi ba asibiti ba ne

Wanda ya ji bayanin da ya gabata zai iya cewa ai magana ta ƙare: ga Rima, ga tafkin Goronyo, ga magudanan Wurno, sai a kwashi tsofaffi a kai su. Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace haɗari, kuma saboda ita ne aka zaɓi wannan yanki.

Ruwan da yake kwance ko yake tafiya a hankali, mai ciyayi a gefe, shi ne gidan wani ƙaramin dodon koɗi wanda yake rainon tsutsar tsargiya. Mai cutar in ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar sukan ƙyanƙyashe su shiga dodon koɗin, su hayayyafa a cikinsa, sa'an nan su fito dubbai, ƙanana ƙwarai har ido ba ya ganinsu. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata suke shiga, cikin 'yan mintoci. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851, tun daga nan kuma an ga cewa a wurare da yawa na Afirka inda aka yi madatsa da magudanan ban ruwa cutar takan ƙaru. An yi bincike a kanta a garuruwan bakin Rima an kuma same ta. Mutane sun saba da ita har wasu suna ɗaukar fitsarin jini alamar balagar yaro ce. Amma tsargiyar da ta daɗe tana ƙona mafitsara, tana toshe hanyar ƙoda, tana kuma jawo sankarar mafitsara, cutar da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka sani sarai. Wani lokaci ma ƙwayayen sukan maƙale a laka, su kawo ciwon baya mai tsanani da shanyewar ƙafafu. Dattijon da aka tsoma a irin wannan ruwa awa guda, sau biyu a mako, an ba tsutsa abin da take nema. Akwai maganinta, praziquantel, amma yana kashe wadda take jiki ne, ba ya hana wata shiga gobe.

Ban da tsargiya akwai laka mai santsi, da ramukan da ba a gani, da ƙaruwar ruwa in an buɗe ƙofofin madatsa. Mutanen yankin ba su manta da ambaliyar 2010 ba, wadda ta cinye garuruwa da gonaki, ta kuma yanke hanyar shiga jami'a a Sakkwato. A watan Agusta na 2025 jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo. Tsohuwar da ta ce tana tsoron gulbi tana da gaskiya.

Abin da ake bukata shi ne ɗan ƙaramin tafki na siminti mai ruwa mai tsabta. Alal misali, mai tsawon mita 6, faɗin mita 4, zurfin mita 1.2, zai ci lita 28,800, watau duro 144, ya kuma ɗauki mutum biyar ko shida a lokaci guda. Maginan da suke gina tafkunan kiwon tarwaɗa sun san aikin, abin da za a ƙara musu shi ne matakala mai faɗi, da ƙarfen riƙewa a kewaye, da daɓe mai kaushi. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da tsargiya. Ko na gulbi ne, in aka tace shi aka ajiye a tanki kwana biyu ba tare da dodon koɗi ba, tsutsar takan mutu, sinadarin kilorin kuma yana kashe ta. Amma tafki ba a gina shi a tafi. Yana son mai awon kilorin kullum, da mai tacewa, da murfi saboda sauro, da katanga mai ƙofa saboda yara. Ma'aikatan gwamnati da suke wannan zaure sun fi kowa sanin yawan gine-ginen da aka yanke musu ƙyalle aka manta da kuɗin kula da su. Tafkin da ba a kula da shi kududdufi ne, kuma ya fi rashinsa muni.

Wurin da ya dace shi ne harabar babban asibiti a Wurno da Rabah da Goronyo. Dattijo mai ciwon baya ba zai yi ta zirga-zirga zuwa Sakkwato sau biyu a mako ba, domin girgizar mota kaɗai ta isa ta rushe abin da ruwa ya gina, balle ga rashin tsaron da ya addabi yankin, tun daga harin Tabanni a ƙasar Rabah a 2018 zuwa na kasuwar Goronyo a 2021. Likitan gashi guda zai iya tsara darasin ya riƙa zagayawa, ma'aikatan lafiya irin waɗanda ake horarwa a Gwadabawa su gudanar da shi. Mai tsaron ran masu shiga kuwa, Sarkin Ruwa yana da mutanen da suka fi kowa cancanta.

Sanyi da kunya

Ko an gina tafkin, saura a sami mai shiga. A tunanin Bahaushe sanyi shi ne uban cututtukan gaɓoɓi, har akan ce sanyin ƙashi. Wanda ya yi imani sanyi ne ya kama masa ƙugu, in aka ce ya shiga ruwa, ya ga an haɗa shi da abokin gabansa. Bai kamata a yi masa dariya ba, domin ruwa mai sanyi yana sa tsoka ta ɗaure, zafi ya ƙaru. Amsar ita ce a ba shi ruwa mai ɗumi, ya taɓa da hannunsa kafin ya shiga. A ƙasar da zafin bazara yake wuce digiri 40 rana za ta yi yawancin aikin, a bi da ruwan ta cikin baƙin tiyo da aka shimfiɗa a kan rufi. Da hunturu kuwa, in ba a iya ɗumama shi ba, gara a rufe tafkin a koma motsi a tudu da hantsi.

Haka nan kada a zarce. Al'ummar da ta saba da wankan jego tana ganin ruwa in bai yi zafin ƙuna ba bai yi aiki ba. Likitocin Zariya sun nuna tun shekarun 1970 yadda zafi mai yawa da kunun kanwa suke wahalar da zuciyar mai jego. Zuciyar tsoho ma haka take. Tsayuwa cikin ruwa har wuya kaɗai tana tura jini fiye da rabin lita daga ƙafafu zuwa ƙirji, in aka haɗa da zafi sai nauyin ya yi mata yawa.

Kunya kuwa ba a jayayya da ita, shiri ake yi mata. Ranar maza dabam, ranar mata dabam, mace ce za ta koyar da mata, katanga ta yi tsawo, kowa ya shiga da tufafin da suka rufe shi. Kada a haɗa suruki da surukinsa, kada a sa dattijo a hannun yaron da zai kira sunansa gatsau. In sa'o'in juna ne, waɗanda suka yi tashe tare, hirar da za su yi a ruwa ma wani ɓangare ne na jiyyar, domin kaɗaici yana ƙara wa ciwo nauyi.

Ba kowane mai ciwon baya ne za a kai ruwa ba. Wanda ciwonsa ya zo da zazzaɓi da gumin dare da rama, ko doro ya fara fito masa, a binciki tarin fuka na ƙashin baya. Wanda ƙafafunsa suka yi rauni, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko fitsari da bayan gida suka fara kufce masa, wannan na gaggawa ne, a kai shi Sakkwato a ranar. Tsohuwar da ciwon ya fara mata bayan faɗuwa, ko da ƙarama ce, a ɗauki hoto, domin ƙashin mace yakan yi rauni bayan ɗaukewar al'ada. Dattijon da fitsari yake yi wa wuya, bayansa kuma yake hana shi barci ko ya kwanta ko ya zauna, a duba shi saboda sankara. Mai ciwon zuciya da yake kumburin ƙafa da haki, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai farfaɗiya, da mai gyambo, da mai gudawa, duk su dakata sai likita ya yarda. Sauran kuwa su fara da minti 15 ko 20 cikin ruwan da bai wuce ƙirji ba, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan kowane mako. A ba su ruwan sha kafin su shiga da bayan sun fito, a kuma riƙe hannun kowane a kan matakala, domin nauyin da ruwa ya ɗauke masa yana dawowa gaba ɗaya a taki na ƙarshe, a nan ne jiri ya fi ɗibar tsofaffi.